Minti Ashirin na Ranar Laraba

Arlene Koskela ba ta sayen kayan aiki sai ta fara zama a wurin da za a yi aikin. Duk wanda ya taɓa roƙonta ta duba masa wani abu a garin nan ya san zai sha jira, don za ta zo da butar gahawarta, ta ja kujera, ta zauna tana kallon mutane kamar zumunci ne ya kawo ta. Masu gajen haƙuri suna cewa nawa gare ta. Ba su san ta ba ne. Matar da ke hawa tsani tana da shekara saba'in da ɗaya, ta sauko kafin mai riƙe mata tsanin ya gama ba ta labarin ciwon gwiwarsa, ba za a kira ta mai nawa ba.

Mahaifinta a ramin haƙar ƙarfe ya ƙare ƙarfinsa, kamar uban kusan kowa a wannan yanki namu na arewacin Minnesota. Ita kuwa tun tana yarinya ta ce ba za ta nemi abinci a ƙarƙashin ƙasa ba. Kamfanin tarho ya ɗauke ta tana da shekara ashirin da biyu, ya ajiye ta a teburin haɗa kira tare da sauran 'yan mata. Ta yi ta damun manaja har ya gaji ya ba ta bel da takalmin hawa falwaya, yana jiran ta dawo da kuka kafin sati ya zagayo. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana hawa. Mazan da ta tarar a aikin suka riƙa bar mata falwayar da ta fi kowace nisa a tsakiyar Janairu, lokacin da yatsa ke manne wa ƙarfe, ita kuma ba ta taɓa ba su daɗin jin ta yi ƙorafi ba. Mijinta Ray ya rasu shekara tara da suka wuce. 'Yarta guda tana Arizona, kullum tana roƙonta ta koma can ta rabu da sanyi, kullum Arlene tana cewa sai baɗi.

Wannan hali na zama, a bakin aiki ta samo shi. A shekararta ta biyu, wani tsohon manomi ya yi ta kai kuka wai tarhonsa ya lalace, 'ya'yansa suna kira ba sa samunsa. Sau uku tana hawa falwayar ƙofar gidansa, sau uku tana tarar da waya lafiya lau. A na huɗu ta ajiye kayan aiki, ta shiga kicin ta zauna shan gahawa da shi. Suna zaune aka kira. Kafin tsohon ya lallaɓa da sandarsa ya kai lungun da tarhon yake, mai kira ya gaji ya ajiye. Ta ja waya ta dawo da tarhon gefen kujerarsa, mutumin bai sake kai kuka ba. Tun daga ranar ba ta yarda da abin da aka ce mata ya lalace sai ta ga mai amfani da shi da idonta.

To, a bara ne aka kira ta zuwa tsohon bankin gari. Tun da bankin ya kwashe ya bar gari, ƙungiyoyin taimako uku ke zaune a ginin. Masu rabon abinci suna babban zaure, masu ba 'yan haya shawara suna ofishin manaja, masu kai tsofaffi asibiti da mota kuma suna bene. Layin intanet ɗaya gare su su duka, da rauta ɗaya, wato akwatin da ke raba musu shi. Kwamitin da ke kula da ginin yana hannun Duane Pelto, wanda ajinsu ɗaya da Arlene tun firamare, kuma har yau bai yafe mata tseren zamiya a kan ƙanƙara da ta cinye shi ba.

Rautar kyauta ce daga Dakta Lindgren, likitan haƙori. Nan fa gizo ke saƙar, don mu a ƙungiyoyin nan ba a mayar da kyauta. An ba mu fiyano da rabinsa ba ya magana, mun karɓa. An ba mu kwali biyu na takalman ƙafar hagu zalla, mun rubuta katin godiya. Kowa tsoro yake kada a ce ya raina alheri, gobe mai bayarwa ya juya baya. Sannan duk abin da ya yi kama da mai tsada, kulle shi muke yi. Saboda haka aka ɗauki hoto da Dakta, aka manna sunansa a jikin rautar, aka kai ta ɗakin ajiyar kuɗi na bankin, aka turo ƙofar ƙarfe mai kaurin katifa, aka bar ɗan tsagi don waya ta wuce. Abin da aka ƙera don ya watsa sabis, an rufe shi a ɗakin da aka gina don kada komai ya fita. Kuma mutum bakwai masu hankalinsu ne suka ɗaga hannu suka amince da haka.

Sauran ranaku ana lallaɓawa da ɗan abin da ke tsiyayowa. Ranar Laraba kuwa, ranar rabon abinci, mutum hamsin ke cika zaure, kowa da wayarsa, ga kalmar sirri manne a jikin firij da manyan baƙaƙe. Da ƙarfe ɗaya ya yi komai ke tsayawa cak.

"Ke dai ki zo ki gaya mana wadda za mu saya," in ji Duane da ya kira ta. "Na ga wata a mujalla, ƙahonta na eriya takwas. Ko kuma mu canza kalmar sirrin nan mu huta, ai ba gidan kallo muka buɗe ba."

"Zan zo in zauna," in ji Arlene.

"Wayyo ni! Har yaushe?"

"Har in gaji da ganin fuskarka. Ba zan daɗe ba."

Litinin ta zauna a ofishin 'yan haya, Talata a bene. Laraba ta ja kujera kusa da firij. Ta ga yawancin wayoyin ma suna aljihu, su kaɗai suke jan abin da za su ja ba tare da masu su sun sani ba. Ta ga wata uwa ta miƙa wa 'ya'yanta waya don ta samu ta tsaya a layi lafiya. Ta ga wani mutum yana cike takardar neman aiki da yatsa ɗaya, harshe a waje. Rabin mutanen nan ba su da sabis a gidajensu, kuma ba ta ga wanda za a kora ba.

Saura minti biyar ƙarfe biyu, Lorraine Stanich ta bar wurinta a layi, ta duba hagu da dama, ta fice ta ƙofar baya. Lorraine ta yi shekara talatin tana dafa abinci a makarantar gari, babu wanda bai ci daga ludayinta ba, kuma ba a san ta da barin layi ba. Arlene ta bari aka ɗan jima, sannan ta tashi da wayarta a hannu kamar mai auna sabis. Bayan ƙofar akwai matakala da ke gangarawa ɗakin da ake ajiye buhunan dankali. A can ta same ta, zaune a mataki na huɗu cikin rigar sanyi, ta riƙe waya da hannu biyu, allon ba komai sai ɗan zobe yana juyawa.

"Lorraine? Lafiya kike zaune a sanyi?"

Lorraine ta kife wayar a cinya. "Ƙafata ce. Hutawa nake."

"To, ni ma bari in huta."

Ta zauna a gefenta. Can Lorraine ta share hanci ta ce, "Craig ne."

Duk gari an san ɗanta Craig yana aiki a rijiyoyin mai a Dakota. Haka uwarsa ke faɗa shekara shida, haka Arlene ma ta ɗauka. Ashe gidan yari yake, tafiyar awa biyar daga nan, ita kuma ido ya hana ta tuƙi. Kwanan nan aka ba su damar ganawa ta bidiyo, minti ashirin, sai shi ya sa suna tun sati guda kafin ranar. A gidanta na bayan tafki babu sabis ko ɗigo. Laraba ce kawai motar tsofaffi ke kawo ta gari.

"Sau uku ke nan," in ji Lorraine. "Da an fara sai ya yanke. Yau ya ce mini, 'Mama, in ba kya son ganina ki faɗa, ba sai kin riƙa kashewa ba.' Ya ce sati mai zuwa ne na ƙarshe da zai sa suna, ya gaji da tsayawa gaban allo ana yi masa dariya. Na buɗe baki in ba shi amsa, abin ya ɗauke."

"Ki zo gidana ki yi. Zan ɗauke ki."

"A ce me ya kai ni gidanki kowace Laraba ƙarfe biyu? Kin san garin nan. Ki rufa mini asiri, Arlene, kada Duane ya ji. Abin da Duane ya ji, mai aski ya ji."

Tausayi ya kama Arlene, haushi kuma ya fi tausayin yawa. Yaro yana can yana zaton uwarsa ta guje shi, alhali ƙofar ƙarfe ce da katin godiya suka shiga tsakaninsu. Ta kuma yi tunanin in Lorraine na zaune a nan, Allah kaɗai ya san su waye ke zama a wasu lungunan da ba ta gani ba. Ta ce mata, "Ki zo ranar Laraba ki zauna a matakin nan, kada ki canza wuri."

Kwamiti ya zauna da safiyar Juma'a, da gahawa da burodin kirfa kamar kullum. Arlene ta ce musu mai ƙaho takwas ba za ta ƙara musu komai ba, don layin da ke shigowa ginin bai fi ƙaramin famfo ba, kuma babban bokiti ba ya ƙara wa famfo ruwa. Ta ce kalmar sirri ba za a ɓoye ta ba. Ta ce takardun 'yan haya, da sunayensu da rigingimunsu da masu gida, suna kan hanya ɗaya da wayar duk wanda ya shigo, kuma rautar da suke da ita ba ta iya raba hanya, masu ƙera ta ma sun daina kula da ita tun tuni. Sannan ta ce a cire ta.

Wata ta ajiye burodinta.

"Kyautar Dakta?" in ji Duane. "Ke kin san abin da kike faɗa kuwa? Sunansa fa a jiki!"

"Na iya karatu, Duane. Tare muka koya, ni na riga ka."

"Ba wasa nake ba. Da wane ido za mu kalle shi?"

"Da nawa. Ni zan je. Kuma ina so a ja waya a kai sabis matakalar baya."

"Matakalar baya? Wa zai yi intanet a can, dankali?"

"Dankali ma 'yan gari ne."

Aka yi dariya, amma Duane ya kafe sai ta faɗi dalili. Da kalma biyu za ta iya kashe gardamar, don babu mai zuciyar dutse a teburin, da sun ji da sun amince nan take. Amma ta riƙe asirin Lorraine. Ta bari Duane ya kira ta mai taurin kai, ya tuna wa kowa cewa haka take tun tana sa ɗan kanti. Daga ƙarshe suka amince huɗu da uku, wasu don sun yarda da ita, wasu don burodi ya ƙare.

Da rana ta ɗauki rautar a hammata ta nufi wurin Dakta Lindgren, ta shirya jawabin ban-haƙuri tun daga mota. Dakta ya leƙo da safar roba a hannu, ya dubi akwatin ya ce, "Au, har yanzu kuna amfani da wannan? Ai shara zan kai ta a lokacin, Duane ya ce kada in zubar." Shekara huɗu muna rarrashin abin da mai shi ya manta da shi.

Asabar ta tuƙa zuwa wani shagon na'urori a birnin Duluth cikin dusar ƙanƙara. Mai shagon, wani mai sanƙo da fara'a, ya kai ta kai tsaye gaban mai ƙahonin nan.

"Wannan ita ce sarauniya, Misis. Gida mai hawa uku take ɗauka."

"Ba sarauniya na zo nema ba, 'yar aiki nake so. Tana raba hanya biyu, ta ofis daban, ta baƙi daban?"

"Duk suna yi."

"Ba duk ba. Juya kwalin mu gani." Ya juya. "To, in mutum hamsin suka hau, zan iya gaya mata ta tsaga wa kowa rabonsa, mai kiran bidiyo kuma ta sa shi gaba?"

Mutumin ya daina fara'ar sayarwa, ya fara sauraro. Ya sauko da wata fara daga ƙasan kanta, ba ƙaho ko ɗaya, ba ta fi farantin shayi ba. Arlene ta sa tabarau ta karanta takardar ciki tsaf, har ta sa shi ya nemo mata shekara nawa kamfanin ya yi alkawarin ci gaba da gyara ta. Ta ƙirga ramukan sa waya a bayanta. Ta tambayi 'yar ƙaramarta da za a iya haɗawa da ita ta waya a ajiye a wani ɗaki.

"Saura tambaya ɗaya," ta ce. "In na mutu, mutumin da bai san komai ba zai iya kashe ta ya kunna?"

"Maɓalli ɗaya ne."

"To, Duane zai iya."

Litinin ta maƙala babbar a saman bangon zaure, inda kowa ke ganinta kuma ba mai kaiwa sai da tsani, don hankalin masu son kullewa ya kwanta. Matakalar baya ce ta ba ta wuya. Bangon banki dutse ne, kaurinsa ya kai kamu guda, bakin na'urar huda bango biyu ta karya ba ta ci rabi ba. A ranar ne kawai ta ji tsoron kada Laraba ta riske ta ba ta gama ba. Ta zauna a kan buhun dankali tana kallon bango. Can ta tuna, shekara arba'in da suka wuce ita ce ta ja wayar tarho zuwa ɗakin nan ta cikin wani bututu. Ta bi bango da tafin hannu har ta ji shi a ƙarƙashin fenti, a bayan tukunyar ɗumama gini. Tsohuwar wayarta tana nan ciki. Ta ɗaura sabuwar waya a wutsiyarta ta ja, ta fito sumul, ta haɗa 'yar ƙaramar rautar a matakalar.

Talata ta tara direbobin bene da matan da ke jera gwangwanayen abinci, ta ce kowa ya kunna bidiyo a wayarsa, duk shirmen da ya ga dama. Ita kuma ta sauka mataki na huɗu ta kira Arizona. Rabin awa suka yi, bai yanke ba, har 'yar ta tambaye ta ko lafiya, don ba ta saba jin uwarta ta wuce minti uku a waya ba.

Laraba zaure ya cika har ƙofa. Arlene ta zo da wuri da tsaninta. Saura minti biyar ƙarfe biyu Lorraine ta bar layi, ta wuce ta gabanta ba su haɗa ido ba. Ƙofa na rufuwa Arlene ta gitta tsanin a bakinta, ta hau mataki biyu, ta fara kwance wani murfin fitila da ba abin da ya same shi.

Ba a yi minti biyar ba sai ga Duane da amalanke.

"Matsa, dankali ya ƙare."

"Aiki nake."

"Mutane na jira, Arlene!"

"Ba su shinkafa. Wanda ya taɓa ƙofar nan kafin in sauko, ni da shi ne."

Duane ya dube ta, ya dubi ƙofar, ya dubi murfin fitilar da take kwancewa tana ɗaurawa. Shekara sittin da biyar ya san ta. Ya juya amalankensa ya ce wa layi dankali sai an jima, akwai gyara.

Ba ta jin komai ta cikin ƙofar, kuma ba ta so ta ji. Agogon bango kawai take kallo, don ta san in ƙofar ta buɗe da wuri to an rasa. Biyu da minti goma, shiru. Biyu da kwata, wani yaro ya saki kuka, wata ta ƙara sautin wayarta, Arlene ta ji kamar ta je ta ƙwace. Biyu da minti ashirin ya yi ya wuce. Sai da aka ƙara minti shida sannan aka taɓa ƙofar daga ciki.

Ta sauko ta janye tsanin. Lorraine ta fito, idanunta jawur, ta tsaya tana gyara maɓallin rigarta kamar shi ne ya dame ta.

"Ya sa suna sati mai zuwa," ta ce ƙasa-ƙasa.

"To, madalla."

Lorraine ta yi taku biyu za ta koma layi, sai ta dawo ta kama hannun rigar Arlene.

"Ya yi furfura, Arlene. Duk gefen kansa. Ɗana ya yi furfura, sai yau na gani."